Daga gadon kwana ɗaya zuwa makullin ɗaki: tarihin Pine Street Inn na Boston

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa a Amurka akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke ba marasa matsuguni wurin kwana, wasu ma har ɗaki suke ba mutum ya zauna iya ransa. Yaya irin waɗannan ƙungiyoyi suka faro? Kuma me ya kai su ga raba ɗakuna, alhali da wurin kwana aka san su?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙungiyoyin suna da yawa, kowane babban birni da nasa, in na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya sai mu kwana ba mu gama ba. Gara in ɗauki guda mu bi ta daga tushe. Na zaɓi Pine Street Inn da ke birnin Boston a jihar Massachusetts, domin ita ce mafi girma a yankin arewa maso gabashin Amurka da ake kira New England, kuma kusan duk sauyin da aka yi a wannan aiki cikin shekara hamsin ɗin nan sai da ya bi ta ƙofarta.

Ginin da aka fara a ciki ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. A 1912 wani saurayi mai suna Rufus Dawes ya nutse a tafki ya rasu. Mahaifinsa Charles Dawes attajirin ma'aikacin banki ne a Chicago, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka daga 1925 zuwa 1929. Don tunawa da ɗansa sai ya gina masaukai masu araha na maza marasa galihu, a Chicago da kuma Boston. Na Boston yana kan wani ɗan titi mai suna Pine, a gefen unguwar 'yan China. Mutum ya biya 'yan sulalla ya samu gado da ruwan wanka. Da tafiya ta yi nisa ginin ya tsufa, har a 1969 wata ƙungiyar limaman coci masu aiki a unguwannin talakawan Boston ta karɓe shi, aka sa masa sunan titin, aka damƙa shi a hannun wani mutum mai suna Paul Sullivan.

Sullivan ya san ciwon da ya zo jinya, domin shi kansa ya yi fama da giya kafin ya bari. Maza kimanin 200 ke kwana a wurin kowane dare, yawancinsu manyan mutane ne da barasa ta cinye. A wancan zamani masaukan da coci-coci ke gudanarwa sukan sa sharaɗi: ka zo ba a buge ba, ka zauna ka saurari wa'azi, sannan a ba ka miya da gado. Sullivan ya ƙi wannan. Ko a buge mutum ya zo ana buɗe masa ƙofa, muddin ba zai yi faɗa ba. Ya kuma sa ma'aikata su riƙa kiran masu kwana baƙi, su san sunan kowa, kuma har yau haka ake kiransu a gidan. Hujjarsa mai sauƙi ce. Wanda ya fi kowa buguwa shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa in aka bar shi a waje.

Na san abin da ke ranka, domin duk Bahaushen da ya ji wannan labari yakan tambaya: ina danginsu? Da yawansu suna da dangi. Amma iyali a can ƙarami ne, gidan haya kuma yana da ƙa'idar mutum nawa za su zauna, mai gida na iya korar ɗan haya in ya ajiye wani ba da izini ba. Wasu sun ɓata da 'yan'uwansu tun tuni saboda shaye-shaye ko ciwon ƙwaƙwalwa, wasu a hannun hukuma suka tashi, suna cika shekara 18 aka sallame su ba su da kowa. A garuruwanmu baƙon da dare ya yi wa yakan samu zaure ko rumfar masallaci ya shimfiɗa tabarma. Boston ba zaure, kuma sanyin watan Janairu a can ba irin hunturunmu ba ne. Ruwa daskarewa yake yi a kan titi, mutum ya yi barci a waje da jiƙaƙƙun kaya sai a wayi gari a ɗauki gawarsa, ko a kai shi asibiti a yanke masa yatsu.

Da a ce abin ya tsaya a kan tsofaffin mashaya 200, da Pine Street ba ta zama abin da ta zama ba. Abubuwa ne suka taru suka cika mata ƙofa. Na farko, kuma a ganina shi ne babba, ɗakunan talaka sun ɓace. Boston ta dā cike take da gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, bayi da wurin girki na tarayya, ana biya mako-mako. Nan leburori da ma'aikatan jirgin ruwa da tsofaffin da ba su da iyali suke zama. Mashayi ma in yana da ɗan kuɗin fansho yana da ɗakinsa. A ƙarshen shekarun 1950 hukuma ta rushe unguwar West End da sunan gyaran birni, a farkon shekarun 1960 aka bi da dandalin Scollay aka gina ofisoshin gwamnati a wurin. Gidajen da suka rage a unguwar South End kuma masu hannu da shuni suka riƙa saye suna mayar da su gidajen alfarma. Mutanen da ke ciki ba su ƙaura zuwa wani gari ba, titi suka koma.

Na biyu, asibitocin masu taɓin hankali. A 1955 mutum sama da 550,000 ne ke kwance a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka, da yawa a cikin mummunan hali. Da aka samu sababbin magunguna, kuma shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar 1963 wadda ta ce a kafa ƙananan cibiyoyin kula da su a cikin unguwanni, sai aka fara sallamar marasa lafiya. Zuwa 1980 waɗanda suka rage ba su kai 200,000 ba. Sallamar ta yi sauri, cibiyoyin kuwa ba a gina su yadda aka yi alkawari ba. Sai ga matashi mai jin muryoyi a kansa yana layin gado tare da tsohon mashayi. Ƙara da karayar tattalin arziki ta farkon shekarun 1980, da rage kuɗin gina gidajen talakawa da gwamnatin tarayya ta yi, da tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Vietnam, da hodar iblis, da cutar ƙanjamau.

Mata ma sun bayyana. Wata mata mai suna Kip Tiernan ta lura cewa akwai matan da ke sa kayan maza su shiga layin abinci, saboda babu inda ake karɓar mace. A 1974 ta buɗe Rosie's Place a Boston, masauki na farko na mata marasa matsuguni a duk Amurka. Pine Street ta buɗe nata sashen mata a 1980, shekarar da ta tashi daga tsohon ginin ta koma lamba 444 a titin Harrison. Sabon wurin tsohuwar hedikwatar 'yan kwana-kwana ce, mai doguwar hasumiya irin ta tsofaffin biranen Italiya, wadda ake hangowa daga babbar hanya. Sullivan ya rasu a 1983, bai ga yawancin abin da zan faɗa yanzu ba.

A shekarar da ya rasu jihar Massachusetts, ƙarƙashin gwamna Michael Dukakis, ta yi dokar da ta wajabta wa gwamnati ba da matsuguni ga iyalai masu yara da mata masu ciki. Dokar ba ta haɗa da baligin da ke shi kaɗai ba, gwauro ko bazawara ko tsohon da ba yaro a hannunsa. Wannan rukunin shi ne rabon Pine Street har gobe.

Shekaru uku da suka biyo baya su ne suka shata hanyar da ƙungiyar ke bi. A 1984 ta buɗe gidanta na farko na zama na dindindin a garin Brookline da ke maƙwabtaka da Boston, mutum 26, kowa da ɗakinsa da makullinsa. A lokacin ɗan ƙaramin gwaji ne a gefen babban aiki, wato mayar da irin gidajen hayar nan da aka rushe. A 1985 wani matashin likita mai suna Jim O'Connell ya zo aiki a ɗakin shan magani na masaukin, cikin wani sabon shirin kula da lafiyar marasa matsuguni. Ma'aikatan jinyar wurin, musamman wata mai suna Barbara McInnis, suka sa shi ya ajiye kayan awon likita ya durƙusa yana jiƙa ƙafafun baƙi a ruwan magani. Dalili biyu ne. Mai yini a tsaye cikin jiƙaƙƙen takalmi ƙafarsa ce ke fara ruɓewa, sannan mutumin da ya guji asibiti shekara da shekaru ba zai faɗa wa likita ciwonsa ba sai ya saba da shi. A 1986 kuma aka fara fita da mota da daddare ana zagaya birni da barguna da miya mai zafi da safa, ana neman waɗanda suka ƙi shigowa masauki.

Kada ka yi mamakin jin cewa akwai masu ƙin shiga. Yadda masaukin kwana yake shi ne: ka zo da yamma ka bi layi, a caje ka, a ba ka gado a babban ɗaki tare da mutane da yawa, wani na tari, wani na sumbatu, wani na jiran ka yi barci ya ɗauke maka takalmi. Da safe ka fita, da yamma ka sake dawowa. Miji da mata ba sa kwana wuri ɗaya. Mai ciwon da ke sa shi zargin kowa ba ya iya jure taron. Ko wanda ya jure, dubi abin da ya rasa. Mai ciwon sukari ba shi da firjin ajiye allurarsa. Mai neman aiki ba shi da adireshin da zai rubuta, in ya rubuta na masaukin kuwa an gane shi. Takardun shaida suna ɓata a jaka, ba takarda ba tallafi, ba tallafi ba haya. Gadon yana hana mutum mutuwa a daren nan, amma gobe da safe yana nan inda yake jiya.

Tsarin da aka yarda da shi a shekarun 1980 da 1990, wanda kuɗin dokar McKinney ta 1987, dokar tarayya ta tallafa wa marasa matsuguni, ya ƙarfafa, shi ne hawa mataki-mataki. Daga titi zuwa masauki, daga masauki zuwa gidan wucin-gadi inda za ka nuna ka daina sha kana shan magani, in ka ci wannan jarrabawa sannan a ce ka isa a ba ka ɗaki. A takarda ya yi kyau. A aikace waɗanda suka fi ƙarfi ne ke haye matakan, waɗanda ciwonsu ya fi tsanani kuwa su zame a mataki na biyu su koma ƙasa, su sake farawa, har mutum ya shekara goma ko ashirin yana kwana a gadon da aka tanada don kwana kaɗan.

Abu biyu ne suka karya wannan tsari, kuma dukansu daga wajen Boston suka zo. Na farko lissafi ne. A 1998 wasu masana biyu, Randall Kuhn da Dennis Culhane, suka fitar da nazarin rajistar masaukan New York da Philadelphia. Suka gano cewa kashi 80 cikin ɗari na masu shiga masauki na ɗan lokaci ne, aiki ya kuɓuce ko aure ya mutu, su kwana kaɗan su fita ba su dawo ba. Kashi 10 suna shiga suna fita. Sauran kashi 10 ɗin su ne mazauna, kuma su kaɗai ke cinye kusan rabin kwanakin gadaje. Ma'ana, in ka sama wa wannan ƙaramin rukuni ɗaki, ka sauke rabin nauyin masauki. Da Pine Street ta duba nata littattafan, abin da ta gani ke nan: 'yan tsirarun baƙi ne suka mayar da gadajen gidansu.

Na biyu gwaji ne. A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Sam Tsemberis ya kafa wata ƙungiya mai suna Pathways to Housing a New York. Ya gaji da kai mutane asibiti yana sake tsintar su a titi, sai ya fara tambayar su abin da suke so. Amsar ɗaya ce, wurin zama. Sai ya juya tsarin: a fara ba mutum ɗaki kai tsaye daga titi, ba sharaɗin daina sha, ba sharaɗin shan magani, sai dai ya biya rabonsa na haya ya kuma yarda ma'aikata su riƙa ziyartarsa. Wannan ne ake kira Housing First, wato tsarin fara ba da ɗaki. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna cewa cikin mutum 242, kashi 88 suna nan a gida bayan shekara biyar, alhali a tsarin mataki-mataki kashi 47 ne. Kuma waɗannan su ne mutanen da ake cewa ba su isa a ba su ɗaki ba.

Wanda ya kai maganar fadar gwamnati ɗan Boston ne, Philip Mangano, wanda ya jagoranci haɗakar masaukan Massachusetts kafin shugaba George W. Bush ya naɗa shi shugaban hukumar gwamnatin tarayya mai kula da harkar marasa matsuguni a 2002. Ya yi ta yawo gari-gari yana gaya wa masu mulki cewa barin mutum a titi ba kyauta ba ne, ana biyan kuɗinsa a ɗakin gaggawa na asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya da ofishin 'yan sanda da gidan yari. Jihar Massachusetts ta fara zuba kuɗi a irin wannan tsari a 2006.

A Pine Street, wadda ta ja wannan sauyi ita ce Lyndia Downie, wadda ta shiga aikin gidan a 1984 ta zama shugaba a 2000. Abin da ta yi yana da wuya fiye da yadda ake zato. Ƙungiyar da sunanta da tarihinta da masu ba ta gudummawa duk a kan gado da miya aka san ta, ita ce ta tsaya ta ce gado ba shi ne magani ba. Aka fara bin tsofaffin mazauna ɗaya-ɗaya ana sama musu ɗaki, ana rage gadaje ana ƙara gidaje. A dā gadajen kwana sun fi ɗakunan zama yawa sosai, yanzu ɗakunan ne suka fi. Lokacin da ƙungiyar ta cika shekara 50 a 2019 tana da ɗakuna sama da 800 a Boston da Brookline, kuma bisa ƙididdigarta fiye da kashi 90 na waɗanda ta ba ɗaki ba sa komawa titi.

Ka ce ka ji ana ba mutum ɗaki, to bari in gyara maka kaɗan: ba kyauta ba ne, haya ce. Mutum yana sa hannu a takardar haya kamar kowa, yana biyan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, ko albashi ne ko tallafin naƙasa. Ragowar gwamnati ke cikawa, galibi ta takardar tallafin haya da ake kira Section 8, wadda ta samo asali daga dokar 1974. Ba a ƙayyade masa lokacin fita ba. Za a iya korarsa in ya karya sharaɗin haya, kamar duka ko ɓarna, amma ba don ya koma shan giya ba. Wasu gidajen tsofaffin benaye ne a cikin unguwa, mutum goma sha ko ashirin da wani abu, da wurin girki na tarayya da ma'aikaci a kusa. Wasu kuma ɗakuna ne da aka kama haya a hannun masu gidaje nan da can.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wajen mai kula ne. Kowane ɗan haya yana da ma'aikacin da ke bibiyarsa: ya raka shi asibiti, ya tuna masa ranar biyan haya, ya sasanta shi da maƙwabci, ya taya shi neman takardun da suka ɓata. Mutumin da ya shekara goma sha biyar a titi yakan shiga ɗaki ya kasa kwana a kan gado, ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Shiru yakan dame shi. Abokansa na titi sukan biyo shi su cika ɗakin, shi kuma kunya ta hana shi korar waɗanda suka raba bargo da shi, har mai gida ya kawo ƙara. Watannin farko su ne masu haɗari. Kuɗin wannan aiki kuwa shi ya fi wuyar samu. Na gini yana zuwa ta rangwamen haraji da dokar 1986 ta tanada wa masu zuba jari a gidajen talakawa, na haya yana zuwa ta tallafin gwamnati, amma albashin mai kula sai an haɗa daga inshorar lafiyar talakawa ta jiha da gudummawar jama'a. Attajiri yana son a rubuta sunansa a jikin gini, ba kowa ke son biyan albashin wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ranar Talata ba. Shi ya sa a 2018 magajin garin Boston na lokacin, Marty Walsh, ya buɗe asusun neman dala miliyan 10 don gidajen Pine Street.

Yanzu in faɗa maka inda nake ganin masu yabon tsarin suna wuce gona da iri. Suna cewa yana rage kashe kuɗi. Wani lokaci haka ne. A Seattle, ƙungiyar DESC ta buɗe gida a 2005 don mashayan da suka fi kowa cin kuɗin hukuma, nazarin da aka buga a 2009 ya nuna abin da ake kashewa kan mutum ɗaya a wata ya sauko daga dala 4,066 zuwa 958 bayan shekara ɗaya a gida. Amma ai da gangan aka zaɓo mafiya tsada. In ka faɗaɗa zuwa kowa ribar takan ragu, wani lokaci ma sai an ƙara kuɗi. Suna kuma cewa ɗaki yana warkar da mutum. Babban gwajin da Kanada ta yi a birane biyar daga 2009 zuwa 2013, da mutum kimanin 2,000, ya tabbatar cewa mutane suna zama a gida, amma ta fuskar shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa bambancin ba shi da yawa. Kwamitin masana kimiyya na ƙasar Amurka ya kai ga kusan wannan matsaya a 2018.

Hujjar da ta fi taɓa ni daga Boston ɗin ta fito, daga tawagar likita O'Connell. Sun bi mutum 445 masu kwana a waje daga 2000 har shekara goma, 134 suka mutu, kusan ninki goma na yadda sauran baligan jihar ke mutuwa, kusan ninki uku na masu kwana a masauki. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa a rufe masaukai tunda an gano ɗaki ya fi. Sannan suka bi wasu 73 da aka ɗauko daga titi aka ba ɗaki. Kashi 82 sun riƙe gida shekara ɗaya, kashi 36 shekara biyar, kashi 12 kacal shekara goma, kusan rabinsu kuma sun rasu kafin a rufe nazarin. Masu adawa sukan ɗauki wannan su ce tsarin ya faɗi. Ni ba haka na karanta shi ba. Mutanen sun shigo ɗaki jikinsu ya riga ya lalace, kuma kulawar da aka ba su ba ta kai nauyin ciwonsu ba. Makulli ba tare da mai kula ba rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi araha.

Tsugune ba ta ƙare ba ta wani gefen ma. Ana fitar da mutum ɗaya daga masauki wani na shigowa, domin haya a Boston na cikin mafi tsada a Amurka, kuma tun 1994 masu zaɓe a jihar suka soke dokar ƙayyade kuɗin haya. A watan Oktoba na 2014 hukuma ta rufe gadar da ke kaiwa tsibirin Long Island a gaɓar Boston saboda ta lalace, cikin 'yan sa'o'i aka kwashe ɗaruruwan mutane daga masaukin birni da cibiyoyin jinyar 'yan ƙwaya da ke can. Nauyin ya faɗo kan sauran masaukai, kuma daga baya tantuna suka cika mahaɗar titunan da ake kira Mass and Cass, a daidai lokacin da ƙwayar fentanil ke kashe mutane. Sai korona ta zo a 2020. Da aka gwada baƙi 408 a Pine Street, 147 suna ɗauke da cutar, mafi yawansu ba su da wata alama. Wannan gwaji na cikin waɗanda suka fara nuna wa likitoci cewa auna zafin jiki a ƙofa ba ya tare cutar, ya kuma nuna wa kowa abin da tara mutane a ɗaki ɗaya ke haifarwa.

Akwai kuma maƙwabta. Kowa yana son a taimaki marasa matsuguni, amma a wata unguwar. Babban ginin da Pine Street ta shirya a titin Washington a unguwar Jamaica Plain, tare da kamfanin gine-gine na sa-kai The Community Builders, mai gidaje 202 waɗanda 140 daga ciki na waɗanda suka fito daga titi ne, sai da mai wani gini a kusa ya kai shi kotu, aikin ya tsaya na wani lokaci. An buɗe shi a 2025, aka sa masa suna The Lyndia. Duk da waɗannan matsaloli, a ƙidayar da ake yi kowane hunturu waɗanda ake samu a waje a Boston ba su kai kashi 5 cikin ɗari na marasa matsugunin birnin ba, alhali a Los Angeles mafi yawansu a waje suke kwana.

A ƙasa baki ɗaya kuwa iska ta juya. Ƙidayar 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba su da matsuguni a dare ɗaya, adadi mafi yawa tun da aka fara wannan ƙidaya. A watan Yuni na shekarar kotun ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, ta ce birane na iya hukunta masu kwana a waje ko da babu gadon da za a ba su. A watan Yuli na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce gwamnatin tarayya ta daina fifita tsarin fara ba da ɗaki, ta karkata ga tilasta jinya. Masu goyon bayan umarnin suna cewa an shekara ashirin ana tsarin fara ba da ɗaki adadin sai ƙaruwa yake. Adadin ya ƙaru, gaskiya ne, amma abin da ke tura sababbin mutane titi tsadar haya ce, kuma ba a ƙirƙiro tsarin don ya sauke farashin haya ba, an ƙirƙiro shi ne don ya fitar da wanda ya daɗe a titi. Ga ƙungiya irin Pine Street, wadda hayar ɗaruruwan mutanenta ta dogara da kuɗin tarayya, wannan ba muhawarar jarida ba ce. Sharaɗin sai ka warke sannan a ba ka ɗaki kuwa ba sabon abu ba ne, shi ne aka yi ta yi a shekarun 1980 da 1990, kuma shi ne ya ba da kashi 47 ɗin nan a New York.